Ranar da Sikeli Ya Kunyata Ni a Filin Jirgi: Yaushe Na'ura Ke Buƙatar Sabon Saiti?



A bidiyon makon jiya na gwada muku ƙananan sikelin rataya guda huɗu, irin waɗanda muke auna akwati da su kafin tafiya gida. Tambayar da ta fi yawa a ƙarƙashin bidiyon ita ce, "To wanne ne ya fi faɗin gaskiya?" Ranar da na fito da su daga kwali dai kusan dukansu gaskiya suka faɗa. Abin da bidiyon minti goma ba zai nuna muku ba shi ne halin da za su shiga bayan shekara biyu suna yawo a aljihun jaka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wannan, kuma ba a kan sikeli kaɗai zan tsaya ba.

Bari in fara da abin da ya same ni. Bara zan tafi gida daga nan Manchester, tikitina ya ba ni akwati biyu, kowanne kilo 23. Duk wanda ke zaune a waje ya san yadda ake yi: da an ji za ka gida, saƙo ya fara shigowa ke nan, wannan turare, wancan takalman yara, wata man shafawa. Na auna babban akwatin sau uku da sikelina, duk 22.6 ya ba ni. Na kwanta hankalina kwance. Da safe aka ɗora shi a kan sikelin filin jirgi, sai ga 24.9. Ma'aikaciyar ta ce ko in biya ko in rage. Haka na durƙusa a gaban dogon layi na zuge akwati ina zaɓen abin da zai zauna. Cikin abin da na mayar wa abokin da ya rako ni har da ƙunshin wata baiwar Allah da ta amince da ni in kai wa mahaifiyarta. Wallahi kiran da na yi mata daga baya ya fi min durƙuson nauyi.

A ranar, cikin raina, sikelinsu na zarga. Da na dawo sai na zuba goran ruwa goma masu lita bibbiyu a jaka na rataya wa nawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan ya kamata in ga 20 da 'yar ɗoriyar nauyin robobin. Sai ya rubuta 18.5. A nan na tuna watanni kafin tafiyar ya taɓa suɓuce min daga saman bene. Na ɗauka, na kunna, ya kawo wuta, na ce lafiya lau. Ashe tun ranar yake rage min kusan kashi ɗaya cikin goma na duk abin da na rataya masa.

Sikeli bai san kilo ba

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe kafin mu ci gaba. A cikin sikelin akwai wani guntun ƙarfe da aka manna wa siririn zaren ƙarfe. Idan ka rataya kaya, guntun yana ɗan lanƙwasa yadda ido ba zai gani ba, zaren ya ɗan miƙe, sai yadda lantarki ke bi ta cikinsa ya canza. Wannan canjin kaɗai sikelin ke ji. A masana'anta ne aka rataya masa nauyin da aka riga aka tabbatar, aka ce masa in ka ji canji kaza, rubuta kilo 10. Wannan koyarwar ita ce saiti, wadda za ka gani a cikin manhajoji da sunan kalibireshan.

Kamfas ɗin wayarka, lambar cajin da ke saman allo, fitilar taya a mota, duk haka suke. Kowanne yana jin wani abu ne daban, yana fassara shi da darasin da aka koya masa a wani lokaci, a wani wuri. In abin da aka gina darasin a kai ya motsa, na'urar za ta ci gaba da ba ka lamba cikin natsuwa, har da ɗigo da lamba biyu a bayansa, alhali ta kauce.

Kaucewar kala biyu ce, kuma tef ɗin tela ya isa misali. In bakin tef ya gutsure inci ɗaya, duk wanda aka auna za a ƙara masa inci ɗaya, yaro ko babba. Wannan kuskuren mafari ke nan. In kuma tef ɗin ya tsufa ya talle, to a wuyan riga ba za ka lura ba, sai an zo tsawon babbar riga kuskuren zai fito, don yana girma ne tare da abin da ake aunawa. Wannan kuskuren mataki ke nan. Maɓallin nan da ke mayar da sikeli sifili na farkon kawai yake gyarawa. Nawa yana fara wa daga sifili daidai, shi ya sa ban zarge shi ba. Ciwonsa na biyun ne.

Abin da ke jawo su kuma bai wuce uku ba: na'urar ta tsufa, ko wurin da take aiki ya canza, ko an taɓa ta, wato ta faɗi, an gyara ta ko an canza mata wani sashe.

Yadda za ka gwada sikelinka

Ka gwada shi da nauyin da ya yi kusa da abin da ka saba aunawa. Sikelin akwati, goran ruwa goma kamar yadda na yi. Ƙaramin sikelin kicin ko na gwal, kuɗin ƙarfe sun isa gwajin gida: a nan Ingila kwabon fam ɗaya mai kusurwa 12 giram 8.75 ne, na fam biyu giram 12. 'Yan'uwa na Amurka, kwabon santi biyar giram 5 ne. Na ƙasashen yuro, yuro ɗaya giram 7.5. Ka tara guda goma ka ɗora, ya fi guda ɗaya nuna gaskiya. Sikelin ƙasa kuma a kan tayil ko katako ake ajiye shi, kafet yana ruɗa shi.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ya fi yawa kusa da ƙarshen duniya na arewa da na kudu, ya fi rauni a tsakiyarta. Sikelin lantarki da aka saita a Landan, in ka sauke shi a Kano zai rage kusan giram 3 a kowane kilo. A akwati mai kilo 23 bai wuce giram 70 ba, ba abin damuwa. Amma ga mai sayar da gwal da ya yi odar sikeli daga waje, ko mai awon magani, wannan kuɗi ne. Shi ya sa sikeli mai kyau ke zuwa da ɗan ƙarfen gwaji a kwalinsa, don ka saita shi a inda zai yi aiki.

Kamfas da alƙibla

Nan ne abin ya fi shafarmu, mu da ke zaune inda ba ka jin kiran salla ta taga balle ka ga inda masallaci ya fuskanta.

Lokacin da na tare a gidan da nake yanzu, na buɗe manhajar alƙibla, na ajiye waya a ƙasa kusa da bango, na shimfiɗa dadduma inda kibiya ta nuna. Na yi kusan wata a haka. Sai wani yayanmu ɗan Kumasi, wanda ya riga mu zuwa ƙasar nan da shekaru, ya kawo min ziyara, Magariba ta riske shi. Ya dubi daddumar, ya leƙa taga, ya ce, "Ƙanena, wa ya nuna maka nan?" Na ce, "Waya ce, Yaya." Ya ce, "Kawo ta tsakiyar ɗaki, ka cire mata wannan rigar." Ina cire kobar, na matso daga bango, kibiya ta juya kusan digiri talatin. Abu biyu ne suka haɗu: ƙarfen hitar ɗumama ɗaki da ke jikin bangon, da maganaɗisun da ke murfin kobar. Hukuncin sallolin da suka wuce na kai wa malami, ba fagena ba ne. Nawa shi ne in gaya muku yadda aka yi.

A cikin waya akwai wata 'yar sensa da ke jin maganaɗisun duniya. Maganaɗisun nan ba shi da ƙarfi sam, ɗan abin da ake manna wa a ƙofar firji ya ninka shi kusan sau ɗari. Ita kuma wayar cike take da nata maganaɗisun, a lasifika, a abin da ke sa ta karkarwa, a kyamara. Dole manhaja ta san nawa ne na cikin gida don ta cire shi, ta bar na duniya.

Amfanin zana lamba 8 a iska da waya ke nan, wanda da yawa ke ɗauka wasa ne. Idan kana juya ta ta kowane gefe, maganaɗisun duniya yana canza ɓangaren da yake shigo mata, amma na jikinta yana juyawa tare da ita, bai canza ba. Abin da ya ƙi canzawa shi manhaja ke ganewa ta cire. Don haka ka riƙa karkata ta kana mirgina ta sosai, kada ka riƙe ta a miƙe kana kaɗa hannu kawai. A Google Maps, shuɗin hasken da ke fitowa daga ɗigon da ke nuna inda kake yana tsukewa idan saitin ya zauna.

Amma fa lamba 8 abin da ke jikin waya kawai take magancewa. Hita, firji, teburin ƙarfe, rodin da ke cikin bene, waɗannan sai dai ka matsa. Gwaji mai sauƙi: ka duba a wuri uku cikin ɗakin. In amsa uku ka samu, kada ka yarda da ko ɗaya. Ka sauka waje, ka duba a fili, ka lura da yadda alƙiblar take da titinku, sannan ka dawo ciki da wannan.

Sai mataki na gaba, wanda ya fi ban mamaki: ita kanta arewar da kamfas ke nunawa tana tafiya. Arewar maganaɗisu daban take da arewar taswira, kuma shekaru da dama tana barin yankin Kanada tana nufar Saiberiya, har akwai lokacin da take cin kilomita 50 da wani abu a shekara. Tazarar da ke tsakanin arewa biyun ta danganta da inda kake tsaye. A Ingila yanzu kaɗan ce ƙwarai. A Satumban 2019 ma kamfas a Girinwic ya nuna arewar taswira cif, karo na farko cikin kimanin shekara 360. Amma a New York, inda 'yan'uwanmu suke da yawa a Bronx, tazarar ta haura digiri 12 zuwa yamma. Wanda ya ji an ce alƙiblar New York wajen digiri 58 ce, ya ɗauki kamfas na hannu ya bi 58 ɗin kai tsaye, ya kauce da wannan adadin. Yawancin manhajojin alƙibla suna gyara wannan da kansu idan ka ba su izinin sanin inda kake. A iPhone kuma akwai wurin da za ka kunna wa manhajar kamfas ta riƙa bin arewar taswira.

Ina wayar ke samun lissafin? Hukumar NOAA ta Amurka da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya suna fitar da taswirar maganaɗisun duniya duk shekara biyar, ta baya-bayan nan ita ce ta 2025. A farkon 2019 sai da suka yi sabuntawar gaggawa kafin lokaci, saboda arewar ta yi gudun da ya wuce hasashensu. Har filayen jirgi abin ya shafa, don lambar da ake rubutawa a bakin titin sauka daga kamfas ake ɗauko ta. A 2009 filin Stansted da ke kusa da Landan ya goge 05/23 ya rubuta 04/22, alhali titin yana nan inda yake.

In kana son ma'aunin da hita ba ta ruɗa shi, ga rana nan. Sau biyu a shekara tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Saudiyya, da 15 ko 16 ga Yuli da 12:27. A Ingila, da Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi, 10:18 da 10:27 na safe ke nan. A Ghana 9:18 da 9:27. A wannan mintin, duk inda kake ganin rana, ɓangaren da take shi ne alƙibla. Kada ka kalle ta da ido, ka kafa sanda a tsaye, layin inuwar daga ƙarshenta zuwa gindin sandar shi ke nuna maka hanya. Ni a Mayun da ya wuce Allah ya taimake ni gari ya washe, na yi alama a jikin taga, na huta. Ta faɗo daidai da digiri 118 ɗin da aka san Manchester da shi.

Lambar caji

Ka taɓa ganin waya tana nuna kashi 20, ka ɗaga ka amsa kira, ta ɗauke? Ka sa caji kuma cikin minti biyu ta koma 30?

Waya ba ta da tagar leƙa cikin batir. Kamar randa ce a rufe, kana ƙirga moɗar da aka zuba da wadda aka ɗiba. Kowace ƙirga da ɗan kuskurenta, kuma kuskuren taruwa yake. Ga shi randar kanta tana ƙanƙancewa da tsufa. Apple da kansu sun ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace shi an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Wuri biyu ne mai ƙirga ke samun tabbas: ranar da randa ta cika har baki, da ranar da moɗa ta taɓa ƙasa. In kullum tsakanin 40 da 80 kake yawo, wanda yana da kyau ga lafiyar batirin, to mai ƙirgar yana daɗewa bai ga baki ko ƙasa ba.

Gyaran shi ne ka yi amfani da ita har ta mutu da kanta, ka sa mata caji ba cirewa har 100, ka bar ta kamar awa ɗaya a kai. Haka ma laftof. Sai ka ga alama za ka yi, kada ka mayar da shi al'adar kowane mako, don batirin litiyam ba ya son a riƙa ƙarar da shi tas.

Abin da wannan ke gyarawa lambar ce kawai. Batirin da ke kai ka awa huɗu, awa huɗun zai ci gaba da kai ka, sai dai yanzu zai daina yi maka bazata. In ka yi kuma har yanzu tana ɗaukewa, musamman a waje cikin sanyin Janairu, to batirin ne ya gaji. Manhajojin nan da ke cewa za su saita maka batir da danna maɓalli ɗaya, ku rabu da su. Yawancinsu wani fayil suke gogewa wanda ke riƙe lissafin manhajar da ta fi shan caji, kuma tun 2012 wata injiniyar Android a Google ta bayyana cewa fayil ɗin ba ruwansa da lambar da kake gani. Wani lokaci ma kamfani ne ke yin saitin daga can: a 2021 Apple ta sa wa iOS 14.5 gyaran da ya sake saita lissafin lafiyar batir a jerin iPhone 11, kuma ya ɗauki makonni yana koyo kafin ya gama.

Mota

Tun Nuwamban 2014 sabbin motocin da ake sayarwa a Turai dole su zo da abin da ke faɗakarwa idan iskar taya ta ragu. Wasu suna da sensa a cikin kowace taya. Wasu kuma ba sa auna iska ko kaɗan, saurin juyawar tayoyin suke kwatantawa, don tayar da ta saki tana ɗan ƙanƙancewa, sai ta fi sauran saurin juyawa. Irin wannan na biyun dole ka danna masa saiti duk lokacin da ka ƙara iska ko ka canza taya.

Ga inda haɗarin yake. Fitila ta kama, kana sauri za ka aiki, sai ka shiga allo ka danna saiti don ta mutu. Abin da ka gaya wa motar shi ne, yadda tayar nan take yanzu shi ne daidai. Ka koya mata ƙarya da hannunka, kuma ba za ta sake yi maka magana ba sai ta ƙara saki a kan wanda ta riga ta yi. Ka fara sa iska daidai da lambar da ke jikin ƙofar direba, tayoyin suna sanyi, sannan ka danna. Da shigowar hunturu ma ka sake dubawa, sanyi kaɗai yana rage iskar taya.

Na biyu, kyamarar da ke bayan madubin tsakiya, wadda ke lura da layin titi da taka birkin gaggawa. A jikin gilashin gaba take. In dutse ya fasa gilashin aka canza, ta ɗan motsa ke nan. Kuskuren digiri ɗaya tak, a nisan mita 100, ya zama mita 1.75, kusan rabin layin babbar hanya. Duk wanda ya canza maka gilashi, ka tambaye shi ko an saita kyamarar, ka karɓi takardar shaida.

Agogon hawan jini

Da yawanmu muna aika wa iyaye agogon hannu mai awon jini, da kyakkyawar niyya. To ku sani, agogo irin Galaxy Watch ba ya matse hannu, haske yake amfani da shi yana karanta yanayin bugun jini, sannan ya kwatanta da awon da aka ba shi daga na'ura mai ɗamarar dantse. Samsung da kansu sun ce a sake wannan saitin duk mako huɗu. Ke nan in ka aika wa Baba agogo ba tare da na'urar dantse ba, rabin kaya ka aika. Ita ma na'urar dantsen, masu ƙerawa da dama suna cewa a duba ta duk shekara biyu. Hanya mai sauƙi ita ce ya tafi da ita asibiti ranar ganin likita, a auna shi da tasu, a auna da tasa. Kuma kada kowa ya rage ko ya ƙara magani saboda abin da agogo ya ce.

In abin da ake dogaro da shi ne ya kauce fa?

Yana faruwa. Agogon jikin obin da na wasu rediyoyi ba su da abin riƙe lokaci na kansu, kaɗawar wutar lantarki suke ƙirgawa, sau 50 a sakan. A farkon 2018 wata taƙaddama tsakanin Sabiya da Kosobo ta sa wutar da ƙasashen Turai suka haɗa ta ɗan yi ƙasa da 50 na tsawon makonni, agoguna a ƙasashe fiye da ashirin suka yi lattin kusan minti shida. Ba wanda agogonsa ya lalace. Har kilo ɗin kansa an sake masa tushe. Tun 1889 wani dunƙulen ƙarfe da ke ajiye kusa da Faris shi ne kilon duniya, sai aka lura shi da kwafinsa suna rabuwa da 'yan ƙananan adadi. Ranar 20 ga Mayu 2019 aka daina dogaro da shi, aka koma kan lissafin kimiyya da ba ya tsatsa. Abin ɗauka a nan shi ne, kada ka saita abu da abin da bai fi shi aminci ba. Waya biyu kusa da hita ɗaya za su iya yarda da juna, su duka a kan kuskure.

Abin da saiti ba ya gyarawa

Ga ƙa'idar da nake bi. In na'ura tana yin kuskure iri ɗaya kullum, saiti ne. In kuma kowane gwaji da tasa amsar, ka ɗora abu ɗaya sau biyar ka samu lamba biyar, to wani abu ya lalace a ciki.

'Yan FIFA, hannun gem ɗin da ɗan wasa ke tafiya da kansa ba ka taɓa ba, saiti yana iya ɓoye shi na ɗan lokaci, amma in abin da ke gogayya a ƙarƙashin sandar ya cinye, zai dawo. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga allo, ba maganar saiti, ka daina caji ka kai a cire. Na'urar ƙarar hayaƙi da ke rufin ɗaki kuwa ba a saita ta a gida, canzawa ake yi bayan shekara goma, ta iskar gas mai guba ma wasu ba sa kaiwa haka. Ka sauko da ita ka duba kwanan watan da ke bayanta. Ƙarar da take yi in ka danna maɓallin gwaji ba ta nufin hancinta yana nan kamar sabo.

To yaushe ke nan?

- Bayan abu ya faɗi, ko da ya kawo wuta kamar ba komai.
- Bayan gyara ko canjin sashe: allo, batir, taya, gilashin mota, har sabuwar kobar waya.
- Bayan ƙaura, daga ɗaki zuwa ɗaki ga kamfas, daga ƙasa zuwa ƙasa ga sikeli mai awon ƙanana.
- Idan lokacin da masu ƙerawa suka ɗiba ya cika.
- Kafin duk ranar da kuskure zai ci maka kuɗi, lafiya ko mutunci. Daren tafiya, misali.

In kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan, kuma gwaji ya nuna lafiya, ka bar abinka. Yawan taɓa saiti ba tare da abin dogaro a hannu ba shi ma hanyar ɓata shi ne.

Tsohon sikelin nawa ba shi da wurin saiti, yawancin masu arahar nan haka suke. Ban jefar ba, na manna masa takarda na rubuta 18.5, yana nan a kan teburin da kuke gani a bayana. Sabon kuma kafin kowace tafiya sai ya sha goran ruwansa goma. Ƙunshin baiwar Allahn nan ya isa gida bayan wata biyu ta hannun wani, ta kuma ce ta yafe, amma har yau in mun haɗu a taro sai ta tambaye ni ko na auna.

A bidiyo na gaba zan ɗauki waya uku mu zaga ɗaki da su, ku ga yadda kibiyar alƙibla ke rawa kusa da hita, firji da lasifika. Wanda ya gwada sikelinsa da ruwa, ya rubuto mana garin da yake da lambar da ya samu.